BABI NA HUƊU: TARKEN TSOFAFFIN HOTUNAN ƘWALLON ƘAFA DA BEGEN "ƘWALLON MAZA" A BADARAWA

4.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an kawo tarihin wasan ƙwallon ƙafa a garin Kaduna tare da bayanin yadda sana'ar ɗaukar hoto ta bi shi sau da ƙafa. A wannan babi kuwa za a yi tarken hotunan ne su kansu, wato irin tsofaffin hotunan da ake samu a albam na gidaje da bangon shagunan aski da na ɗinki a unguwar Badarawa da maƙwabtanta irin su Kwaru da Malali da Unguwar Dosa, da kuma waɗanda aka sake ɗauka da waya ana yaɗa su a Facebook da WhatsApp. Za a dubi jigonsu da salonsu da tsarinsu kamar yadda ake duban waƙa ko ƙagaggen labari. Daga nan sai a auna ra'ayin da yawancin dattawa suke kafa hujja da su a kansa, cewa ƙwallon da ita ce ta maza, ta yanzu kuwa ta 'yan lele ce. Wannan ra'ayi shi ne aka kira begen "ƙwallon maza" a wannan nazari.

Dalilin auna wannan ra'ayi shi ne, ba a hira kawai yake tsayawa ba. Da shi ake horar da yara a filayen unguwa, da shi kuma ake kunyata yaron da ya ji ciwo ya nemi fita daga fili. Saboda haka ya zama wajibi a tantance abin da hotunan suka faɗa da bakinsu da kuma abin da mai kallo ya ɗora musu.

4.1 Ma'anar Bege da Matsayin Hoto

Bege a Hausa shi ne ɗokin wani abu da aka rabu da shi ko ake son kaiwa gare shi, kuma kalmar ta yi zurfi a adabi, domin akwai rukunin waƙoƙi sukutum da ake kira waƙoƙin bege. A Turai ma an daɗe da sanin wannan hali. A shekarar 1688 wani ɗalibin likitanci mai suna Johannes Hofer ya ɗauke shi a matsayin ciwo, ya raɗa masa suna, ya kuma bayyana shi da kewar gida da ke kama mutumin da ya yi nisa da ƙasarsa. Boym (2001) ta raba shi gida biyu. Akwai begen da ke son a komo da jiya kamar yadda take, akwai kuma wanda ke tuna jiya yana nazarinta alhali ya san ba za ta dawo ba. Wannan rabo zai yi amfani a ƙarshen babin.

Dangane da hoto kuwa, Sontag (1977) ta nuna cewa kowane hoto yanki ne da aka gutsuro daga cikin abin da ya faru, kuma wanda ya ɗauka shi ya zaɓi abin da zai shiga da abin da zai bari a waje. Barthes (1980) ya jaddada cewa abin da hoto yake tabbatarwa shi ne lallai wannan abu ya taɓa kasancewa a gaban kyamara. Idan aka haɗa ra'ayoyin biyu za a ga cewa hoto shaida ne mai gaskiya, amma shaidar da ta ga ƙiftawar ido ɗaya tak daga cikin wasan minti 90. Hausawa na cewa gani ya kori ji. To amma ganin da aka yi ta kafar ƙofa bai isa a yanke hukunci a kan abin da ke cikin ɗaki ba.

4.2 Rabe-Raben Hotunan

Idan aka bi jigo, ana iya raba waɗannan hotuna zuwa kashi uku, wato hoton jeri da hoton artabu da hoton murna.

4.2.1 Hoton Jeri

Wannan shi ne hoton da ake yi wa 'yan wasa kafin a take wasa. Tsarinsa kusan ɗaya ne a ko'ina: sahu biyu, na baya a tsaye sun harɗe hannu a ƙirji, na gaba a tsugune, mai tsaron gida da rigarsa daban yana riƙe da ƙwallo, koci ko uban ƙungiya yana gefe cikin kaftani ko babbar riga. Shi ne ya fi yawa a hannun jama'a, domin mai hoton unguwa ne yake ɗaukarsa, kuma riba gare shi a fili take, tun da dodon hoto ɗaya zai wanke wa mutum goma sha ɗaya ko fiye kowa ya saya.

Abin lura a nan shi ne, wannan hoto ba ya nuna ƙeta ko faɗa ko kaɗan, domin ba a ma fara wasan ba. Duk da haka shi ake yawan nunawa idan ana zancen jarumtar mutanen da. Abin da mai kallo yake karantawa a matsayin jarumta shi ne murtuke fuska da ƙirar jiki da kuma ƙarancin kayan wasa, kamar safar da ta zame ko takalmin da bai yi daidai da na abokin wasa ba. Murtuke fuska kuwa al'ada ce ta tsayawa gaban kyamara a wancan zamani, wadda ake gani har a hotunan aure da na makaranta. Ƙarancin kaya shi kuma alama ce ta rashin kuɗi. Ashe ke nan a wannan kashi jigon jarumta daga bakin mai ba da labari yake fitowa, hoton kuwa jigonsa shi ne zumunci da haɗin kai. Ta wannan fuska ne ya fi ƙima, kamar yadda za a gani nan gaba.

4.2.2 Hoton Artabu

Shi ne hoton da aka ɗauka ana cikin wasa: mutum biyu sun yi tsalle sun yi karo da ka, ko ɗan baya ya kwanta ya share ƙafar ɗan gaba, ko mai tsaron gida ya faɗa cikin ƙafafu ƙura ta turnuƙe. Yawancinsu daga jarida aka yanko su, musamman New Nigerian wadda aka fara bugawa a Kaduna a shekarar 1966, da takwararta ta Hausa Gaskiya Ta Fi Kwabo wadda ta fara fitowa a Zariya a shekarar 1939. Wasu kuma daga kalanda da mujallun ƙasashen waje suka fito.

A wannan kashi ne masu begen "ƙwallon maza" suke da hujja mafi ƙarfi, domin ga karo nan ido yana gani. Ta fuskar fasaha ma su ne suka fi burgewa. Ƙurar fili tana cika bayan hoton ta ɓoye 'yan kallo, sai 'yan wasan biyu su fito su kaɗai tamkar 'yan dambe a tsakiyar fage. Wannan kamanci yana da muhimmanci ga Bahaushe, domin tun kafin zuwan ƙwallo yana da ma'aunin da yake auna namiji a fagen wasa, wato dambe da kokawa da sharo, inda jure wuya ba tare da nuna raki ba shi ne abin yabo. Waƙoƙin Ɗan Anace na Shago misali ne na yadda adabin baka ya ɗaukaka wannan hali. Mai kallon hoton artabu a Badarawa da wannan ma'auni yake kallonsa, shi ya sa yake yi wa ɗan baya kirari irin na ɗan dambe.

4.2.3 Hoton Murna

Babu hoton da ya kai na Rashidi Yekini shahara a wannan kashi. An ɗauke shi ranar 21 ga watan Yuni 1994 a birnin Dallas na Amurka, lokacin da ya ci wa Nijeriya ƙwallonta ta farko a tarihin gasar cin kofin duniya, a wasan da ta doke Bulgeriya da ci 3 da nema. Bayan ƙwallon ta shiga sai ya bi ta cikin raga, ya zura hannuwansa ta cikin igiyoyin ya damƙe, ya buɗe baki yana kururuwa. Mutanen Kaduna suna ɗaukar wannan hoto nasu ne, domin a Kaduna aka haifi Yekini a shekarar 1963, kuma a ƙungiyar masaƙar UNTL ya fara fitowa kafin ya koma Shooting Stars ta Ibadan. Haka kuma wanda ya ci ta biyu a wannan wasa, Daniel Amokachi, shi ma haifaffen Kaduna ne, kuma tsohon ɗan wasan Ranchers Bees.

Ta fuskar tsari, ƙarfin hoton yana cikin ragar. Igiyoyin sun gitta a gaban fuskarsa, ta yadda wanda bai san labarin ba zai iya ɗauka mutum ne a tsare yana neman fita. Fuskar kuma tana tsakanin dariya da kuka. Wannan harshen damo shi ya sa hoton bai tsufa ba. A 1994 an karanta shi a matsayin murna zalla. Bayan rasuwar Yekini a Ibadan ranar 4 ga watan Mayu 2012, yana da shekara 48, bayan wasu shekaru na kaɗaici da rashin lafiya, sai aka koma ana ganin baƙin ciki a cikinsa. Hoton bai canza ba, masu kallo ne suka zo masa da wani sani na daban. Wannan ya ƙara tabbatar da cewa rabin ma'anar tsohon hoto daga mai kallo take zuwa.

4.3 Salon Hotunan da Hannun Mai Hoto

Kafin a yarda cewa hoton artabu madubin zamaninsa ne, ya kamata a san hanyar da ya biyo har ya iso hannun mai kallo. Akwai matakai huɗu da kowannensu ya ƙara masa zafi.

Na farko shi ne tsadar fim. Nadin fim ɗaya hoto 24 ko 36 yake ɗauka, saboda haka mai hoto ba ya danna kyamara sai ya ga abin da zai sayu. Ɗan wasan da ya ba abokinsa ƙwallo cikin natsuwa ba a ɓata masa fim. Na biyu shi ne wurin tsayuwa. Mai hoton da ba shi da dogon gilashi dole ya tsugunna kusa da raga, kuma da hannu yake saita kyamararsa a kan wuri ɗaya ya jira wasa ya iso. Gaban raga kuwa nan ne aka fi cunkoso da ture-ture a kowane zamani. Na uku shi ne zaɓin edita, wanda a cikin hotunan da aka kawo masa ɗaya ko biyu kawai zai buga, kuma wanda ya fi ɗaukar ido zai zaɓa. Na huɗu shi ne baƙi da fari da kuma takardar jarida. Hoton da ba shi da launi yana ƙara kaifin inuwa, gumi ya yi ƙyalli, jijiyoyi su fito, sannan ɗigon tawada a kan takarda mai araha ya ƙara masa duhu. Idan aka ƙara da shekaru talatin ko arba'in na rana da danshi, sai hoton ya yi ja, ya ɗauki kamannin abin tarihi. A taƙaice, hoton da ya iso bangon shagon aski an tace shi sau huɗu, kuma kowace tacewa tana zubar da wasan natsuwa ta bar na karo.

Akwai sanannen misali daga waje da ke nuna yadda hoto na gaskiya kan ba da labarin da ba haka yake ba. A wasan buɗe gasar cin kofin duniya ta 1982 a Sifen, Steve Powell ya ɗauki Diego Maradona da ƙwallo a ƙafa, ga 'yan wasan Beljiyam shida sun yi cirko-cirko a gabansa. Duk wanda ya gani zai ce mutum shida aka sa su tsare mutum ɗaya. Alhali kuwa bugun tazara aka yi, aka gangaro masa da ƙwallon, mutanen shida kuma katangar da suka yi ce take watsewa. Daɗin daɗawa Ajantina ce ta sha kashi a wasan da ci 1 da nema. Idan har hoton da duniya ta sani zai iya yin wannan ruɗi, to hoton da aka yanko daga jarida aka yar da bayanin da ke ƙarƙashinsa ya fi kusa da yin haka.

4.4 Gaskiyar da ke Cikin Begen

Duk da abin da aka faɗa a sama, adalci ne a yarda cewa masu wannan ra'ayi suna da gaskiya ta wani ɓangare. Ƙwallon da ta fi ta yanzu tsanani, kuma tarihin dokokin wasan ya tabbatar da haka. Sai a gasar cin kofin duniya ta 1970 a Meziko aka fara amfani da katin gargaɗi da jan kati. Sai a 1990 aka wajabta sa kariyar ƙwauri. A 1992 aka hana mai tsaron gida kama ƙwallon da abokin wasansa ya mayar masa da ƙafa da gangan. A 1998 aka ayyana cewa sharar ƙafa ta baya mai jefa abokin karawa cikin haɗari hukuncinta jan kati ne. A gasar 2018 a Rasha kuma aka shigo da alƙalin da ke duba bidiyo. Kowace daga cikin waɗannan dokoki ta rage wa ɗan baya damar da yake da ita a da.

Misalai biyu sun isa. A watan Satumba 1989 Terry Butcher na Ingila ya fashe goshi a wasansu da Suwidin, aka ɗinke shi aka naɗe, ya ci gaba da sa kai har farar rigarsa ta rine da jini. A dokar yanzu alƙalin wasa ba zai bar mai zubar da jini a fili ba. A wasan buɗe gasar 1990 a Italiya kuma, Benjamin Massing na Kamaru ya banke Claudio Caniggia na Ajantina da ƙarfin da har takalminsa ya fita. An kori 'yan Kamaru biyu a wasan, amma suka yi nasara da ci 1 da nema. Har yau ana tuna wannan wasa a majalisun hira da alfahari.

A gida ma zafin hamayya ya kai inda hukuma ta sa baki. A shekarar 1977 Rangers ta Inugu da IICC Shooting Stars ta Ibadan suka haɗu a wasan kusa da na ƙarshe na gasar ƙungiyoyin Afirka masu riƙe da kofi. Saboda tsoron rikici tsakanin magoya baya sai aka ɗauke karawa ta biyu aka kawo ta filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, inda Rangers ta yi nasara a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Wannan ya nuna tsananin zamanin, ya kuma nuna cewa a lokacin Kaduna ce aka ɗauka a matsayin garin da kowa zai iya zuwa ya yi wasa hankali kwance.

4.5 Abin da Hoto ya Bari a Waje

Babban raunin begen "ƙwallon maza" shi ne, hotunan waɗanda suka tsira kawai yake kallo. Ɗan wasan da aka karya wa ƙafa yana shekara ashirin, aka kai shi wurin mai ɗori, ya warke da ɗingishi, ba ya cikin hoton jeri na shekara mai zuwa. Ba a ɗauke shi a kan tabarmar jinya ba, domin babu mai sayen irin wannan hoto. Saboda haka albam yana ƙidaya jarumai ne, ba ya ƙidaya waɗanda wasan ya nakasa.

Wasu abubuwan kuwa sun yi girman da tarihi bai bari an manta da su ba. A shekarar 1979 mutane fiye da ashirin suka mutu a turmutsitsi a babban filin wasa na Surulere da ke Legas, bayan wasan Kofin Ƙalubale tsakanin IICC da Bendel Insurance. Bayan shekara goma, ranar 12 ga watan Agusta 1989, Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a wannan fili ana cikin wasa da Angola, ya rasu yana da shekara 25 sakamakon ciwon zuciya. A Turai mutum 39 suka mutu a filin Heysel a 1985, sannan turmutsitsin Hillsborough na 1989 ya yi sanadin mutuwar mutum 97. Waɗannan duka cikin zamanin da ake bege suka faru. Sakacin da ya bar ɗan baya ya yi ƙeta ba hukunci, ɗan'uwan sakacin da ya bar fili ya cika ya batse ne, ya kuma bar ɗan wasa ya shiga fili ba tare da cikakken binciken lafiya ba. Wanda ya ce a komo da na farko bai kamata ya kau da kai daga sauran ba.

Illar wannan ra'ayi a yau ta fi sauka a kan yaran unguwa. Ƙwararren ɗan wasa a Turai yana da likita da inshora da doka mai kare shi. Yaron da ke taka leda a filin makarantar firamare a Badarawa, a kan tsandauri mai tsakuwa, ba shi da ko ɗaya. A wurinsa "zamanin da" bai wuce ba, a cikinsa yake wasa kullum. Idan aka nuna masa hoton artabu aka ce masa haka maza suke yi, to an ɗora masa nauyin da ko waɗanda ke cikin hoton ba su zaɓar wa kansu ba.

4.6 Ainihin Abin da Ake Bege

Tambayar da ta rage ita ce, idan ba ƙeta ce ke cikin yawancin hotunan ba, mene ne yake sa dattijo ya riƙe hoton jeri ya yi shiru? A ra'ayin wannan nazari amsar tana rubuce a ƙirjin rigunan 'yan wasan. Sunayen da ke jiki na wuraren aiki ne. UNTL masaƙa ce a Kakuri. DIC Bees, wadda daga baya ta zama Ranchers Bees, sunan masana'antar ƙera makamai ta Kaduna take ɗauke da shi. Ƙungiya irin wannan tana nufin akwai kamfani mai ma'aikata, akwai albashi a ƙarshen wata, akwai kuma 'yan kallon da ke da kuɗin shiga fili. Masaƙar KTL da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, UNTL kuma ta dakatar da aiki a 2007, dubban mutane suka rasa abin yi. Mai kallon hoton yana ganin garin da yake da aikin yi ne.

Abu na biyu shi ne mallaka. A shekarar 1988 Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na gasar ƙungiyoyin Afirka masu riƙe da kofi, inda Bizertin ta Tunisiya ta doke ta da ƙwallo ɗaya tak a karawa biyu. A 1989 kuma ta ci kofin ƙungiyoyin Afirka ta Yamma. A tawagar da ta ci wa Nijeriya lambar zinariya a wasannin Olamfik na Atlanta a 1996 akwai haifaffun Kaduna irin su Amokachi da Tijjani Babangida da Garba Lawal da Celestine Babayaro, kuma Babayaro da Amokachi duk sun ci ƙwallo a wasan ƙarshe da aka doke Ajantina da ci 3 da 2. Gwarzon wancan lokaci mutum ne da ake iya haɗuwa da shi a kasuwa, wanda aka san unguwarsu. A yau kuwa matashi yana biyan kuɗi a gidan kallo ne ya goyi bayan Arsenal ko Chelsea ko Real Madrid, ya yi musu har da zagi a kan garin da bai taɓa takawa ba. Ko nasarar da Kaduna United ta samu ta cin Kofin Ƙalubale a 2010 ba ta juya wannan akala ba.

Abu na uku shi ne cuɗanya. Hoton jeri yakan haɗa Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutumin kudancin Kaduna, Musulmi da Kirista, kafaɗa da kafaɗa cikin riga iri ɗaya. Bayan rikice-rikicen 2000 da 2002 zaman garin ya sauya, jama'a da dama suka yi ƙaura, kogin Kaduna ya zama tamkar iyaka tsakanin unguwanni. Ga mutumin da ya ga zaman farko ya kuma ga na biyu, wannan hoto shaida ce da zai nuna wa 'ya'yansa cewa an taɓa zama tare. Faɗar wannan rashi kai tsaye yana da nauyi a baki, ya fi sauƙi mutum ya ce ƙwallon da ta fi ta yanzu. Jifa ne ake yi a kan ƙwallo, amma inda aka nufa daban.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an raba tsofaffin hotunan ƙwallon ƙafa zuwa hoton jeri da na artabu da na murna, an kuma yi tarken jigo da salo da tsarin kowanne. An nuna cewa tsadar fim da wurin tsayuwar mai hoto da zaɓin edita da yanayin ɗab'i sun taru sun ƙara wa wasan da zafi a idon mai kallo. An yarda cewa dokokin da sun fi sassauci ga mai ƙeta, amma an nuna cewa hotunan sun bar waɗanda abin ya cutar a waje. Daga ƙarshe an kawo ra'ayin cewa aikin yi da mallakar ƙungiya da cuɗanyar jama'a su ne ainihin abin da ake bege.

Idan aka koma ga rabon Boym, begen da ke son a komo da ƙeta cikin fili shi ne nau'i na farko, kuma ba abin da zai haifar sai ƙarin karaya ga yaran da ba su da mai yi musu magani. Nau'i na biyu shi ne wanda ya dace da waɗannan hotuna, wato a kalle su a yi tambaya: su wane ne waɗannan, wa ya biya kuɗin rigarsu, ina suka shiga bayan an tashi wasa? Amsa waɗannan tambayoyi tana buƙatar gaggawa, domin yawancin hotunan da ke hannun jama'a ba su da suna ko kwanan wata a bayansu, kuma waɗanda za su iya nuna fuska su faɗi suna kullum raguwa suke yi. Ya kamata cibiyoyi irin su Gidan Arewa da Ma'ajiyar Takardun Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna su karɓi kwafin irin waɗannan hotuna tare da bayanin masu su. A babi na gaba, wanda shi ne na ƙarshe, za a kawo taƙaitawa da sakamakon bincike da kuma shawarwari.